“Kawo Tsohon Mu Gwada” Ba Zai Tayar Da Motar 1943 Ba

Duk wanda ya taɓa zuwa sayen kayan gyaran mota a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ya san tambayar farko da mai shago zai yi masa: “Ina tsohon?” Ka miƙa masa, ya jujjuya, ya shige ciki ya fito da wani mai kama da shi, a kara su baki da baki, idan sun yi daidai a yi ciniki. Da wannan tsari motocin ƙasar nan suka daɗe suna yawo, kuma ni ba na raina shi. Sai dai yana da iyaka. Ranar da tsohon ya ɓace, ko ya farfashe, ko kuma wani bakanike ya riga ya musanya shi da na wata mota shekara talatin da suka wuce, to ido ba shi da sauran abin da zai gwada. Daga nan sai lamba.

Ra'ayina shi ne, ɗalibin injiniyanci da zai karɓi takardar ND ko HND bai iya karanta lambar kayan gyara ba, bai iya buɗe kundin kamfani ya bi sawun ƙarfe guda har ya gano wanda ya ƙera shi ba, akwai giɓi babba a karatunsa. Kuma babu malamin da ya kai tsohuwar motar soja iya koyar da wannan darasi. Na san wasu har sun fara dariya. Duniya tana zancen mota mai lantarki da mai gas, kai kuma ka zo mana da zancen gwangwani. Ku ɗan yi haƙuri ku ji, 'yan'uwa.

Soja ba ya sayen mota yadda ni da kai za mu saya. Dubbai yake saya, ya kai su inda babu shago babu gareji, ya damƙa su a hannun yaron da wataƙila wata shida baya gona yake nomawa. Idan famfon mai ya mutu a tsakiyar daji, babu wanda zai ɗauki tsohon ya nufi kasuwa. Saƙo za a aika, kuma dole ya zama saƙon da ma'ajin da ke nisan mil dubu zai karanta ya ɗauko abu ɗaya tak, ba ƙanensa ba, ba mai kama da shi ba. Wannan larurar ce ta sa motocin soja suka fi kowace irin mota cikakken rubutu. Kowane noti, kowace washa, an zana ta, an ba ta suna da lamba, an faɗi guda nawa ke cikin motar.

Ku ɗauki jif ɗin Yaƙin Duniya na Biyu, kakar duk wata jif da kuke gani a titi yau. Tsakanin 1941 da 1945 kamfanoni biyu na Amurka, Willys da Ford, sun ƙera sama da 600,000. Ta Willys sunanta MB, ta Ford kuma GPW. Sharaɗin da sojan Amurka ya gindaya musu shi ne kayan wannan su shiga waccan ba tare da an goga magagari ba. Aka tattara kayansu a ƙarƙashin lamba guda, G-503, wadda har yau masu tara irin waɗannan motoci da ita suke kiran motar kanta. Idan ka buɗe kundin za ka tarar da ƙarfe ɗaya yana ɗauke da lambar Willys da ta Ford kusa da juna. Kakanninmu ma ba baƙin wannan mota ba ne. Sojojin Afirka ta Yamma na runduna ta 81, waɗanda da yawansu daga Arewa aka ɗebe su, su ne suka sare hanyar jif ta sama da mil 70 a dazukan Burma, wadda tsofaffi ke kira Boma, zuwa kwarin Kaladan, daga ƙarshen 1943 zuwa farkon 1944.

Lambar Ford magana take yi ga wanda ya iya ji. A jikin gangar injin za ka ga an zuba GPW-6015. Haruffan farko suna gaya maka motar da aka yi wa ƙarfen. Lambar tsakiya tana gaya maka ko mene ne shi, kuma 6015 a wajen Ford gangar inji ce, ba a wannan jif kaɗai ba, har a motocin da suka ƙera shekaru da dama bayan yaƙin. Idan akwai harafi a ƙarshe, alama ce an yi wa zanen gyara. Ka ga da kallo ɗaya mutum ya san abu uku. Ban da wannan, Ford sun riƙa buga harafin F mai lanƙwasa a jikin kayansu, har kan noti. Yau masu tara motoci a Turai da Amurka suna biyan kuɗi fiye da ƙima don notin da ke da wannan F, shi ya sa aka samu masu buga na jabu. Duk inda lamba ta yi daraja, ɗan damfara yana nan kusa.

Akwai tarko guda a nan da ya kamata kowane ɗalibi ya sani. Lambar da aka zuba tare da ƙarfe a maƙera ba lallai ba ne ita ce lambar da ake yin oda da ita. Ana iya zuba ƙarfe iri ɗaya, a sassaƙe shi hanya biyu, ya zama kaya biyu daban masu lambar oda biyu, alhali lambar zubin da ke jikinsu ɗaya ce. Wanda ya kwafi abin da ya gani a jikin ƙarfe ya tura wa dila ba tare da ya duba kundi ba, yana iya karɓar kaya mai lamba daidai amma ramukansa ba su hau ba.

Bayan yaƙin Amurkawa suka duba rumbunansu suka tarar da abin kunya: abu ɗaya, sojan ƙasa ya ba shi suna da lamba, na ruwa ya ba shi wasu, na sama wasu. Wannan rumbu yana neman abu ido rufe, wancan yana da shi jibge da wani suna. A 1952 suka yi dokar da ta ce abu ɗaya, suna ɗaya, lamba ɗaya. Da farko lambar mai alƙaluma 11 ce, a 1974 ta koma 13, kuma ita ce ƙasashen ƙungiyar NATO da wasu da dama da ba sa cikinta suke amfani da ita, ana ce mata NSN. Alƙaluma huɗun farko suna faɗin rukunin kayan: 2530 na birki da sitiyari da ƙafafun mota ne, 2910 na hanyar man inji, 2920 na wutar inji, 2610 tayoyi, 3110 boris. Biyun da ke biye suna faɗin ƙasar da ta yi wa kayan rajista: 00 da 01 Amurka, 99 Birtaniya, 12 Jamus, 14 Faransa. Bakwai na ƙarshe ba su da wata fassara, lambar layi ce kawai. Saboda haka idan ka tsinci tsohon kwali a kasuwa, takardar jikinsa ta fara da 2530-99, tun kafin ka yage shi ka san wani abu ne na birki ko sitiyari ko ƙafa, kuma rajistarsa ta Birtaniya ce.

Amfanin wannan lamba da ya fi burge ni shi ne, a bayanta ana jera lambobin duk kamfanonin da ke yin wannan kaya. Nan asirin yake. Kamfanin da ya haɗa mota ba shi ke ƙera boris da sil da fulogi da bel ba, saya yake daga wasu ya manna lambarsa. Idan ka bi sawu ka gano lambar mai ƙerawa na asali, sau da yawa sai ka tarar abin da ake ce maka sai an yi odarsa daga Ingila yana nan a shagon bakin titi da wani suna. Dukkanmu mun san boris 6205, yana cikin janareto da famfon ruwa da injin markaɗe. Amma mu nawa ne muka san 6 ɗin nau'insa ne, 2 ɗin ajin kaurinsa, 05 ɗin kuma idan ka ninka sau biyar ya ba ka faɗin raminsa, milimita 25? Wanda ya san wannan ba ya buƙatar tsohon. Baniya-kalifa kawai yake buƙata da biro.

To mu dawo kan motar da ta fi kusa da mu, wato Land Rover, wadda soja da 'yan sanda da ma'aikatan gona da na lafiya suka yi ta hawa a ƙasar nan. Ta fito a 1948. Samfurin Series II ya zo a 1958, IIA a 1961, sai Series III daga 1971 zuwa 1985. Daga nesa duk kamarsu ɗaya, shi ya sa mutum zai shiga kasuwa ya ce a ba shi “birkin Land Rover”. Wace daga ciki? Gajerar mai tazarar ƙafa inci 88 durom ɗin birkinta inci 10 ne, doguwar mai inci 109 nata 11 ne, sannan wajajen 1980 gajerar ma aka sa mata 11 a gaba. Injin lita 2.25 da kowa ya sani, na farko kiranshaf ɗinsa a kan mazauni uku yake kwance, daga 1980 ya koma biyar. A lambar shasi da ta giya akwai harafin ƙarshe, A ko B ko C, kuma wannan ɗan harafin shi ke raba kayan da zai shiga da wanda zai ci maka kuɗi a banza. Su kansu lambobin kayan sun sha sauyi. Na da can alƙaluma shida ne zalla, daga baya aka zo da masu haruffa a gaba irin su RTC da ERC da FRC da STC. Lamba takan mutu wata ta gaje ta, ita ma ta mutu wata ta gaje ta, kamar sarauta. Idan lambar da ke hannunka ta 1965 ce, sai ka bi salsalarta kafin ka san sunan jikarta da ake sayarwa yau.

Ta soja kuma ta ƙara da nata. Waɗanda aka yi don ɗaukar rediyon sadarwa wutarsu bolt 24 ce, ba 12 ba, kuma fulogoginsu da wayoyinsu a lulluɓe suke da ƙarfe, ɗaure su ake yi kamar noti, don kada tartsatsin wuta ya dami rediyo. Jif ɗin 1943 kuwa bolt 6 ce. Ɗora mata batirin zamani kai tsaye, ka ga yadda ƙwayaye da kwayil za su yi sallama.

A garejin da na yi SIWES akwai wata irin wannan Land Rover ta wani dattijo, tsohon soja, da ya saya a gwanjo tun ƙuruciyarsa. Maigidana a garejin mutum ne da zai saurari inji na minti ɗaya ya gaya maka bawul na nawa ne ke kuka. Bai yi boko ba. Amma a cikin akwatin kayan aikinsa akwai wani tsohon kundin kayan gyara da ya naɗe a leda, bangonsa ya tafi, shafukan sun sha baƙin mai. Zanen yake bi, irin wanda ake warwatsa inji a takarda kowane ƙarfe da kibiyarsa. Zai ɗora yatsa ya ce, “Kai ɗan boko, zo karanta min lambar wannan.” In karanta, ya ce, “To duba ƙasa, daga wace shasi zuwa wace shasi?” Wata rana na ce, “Baba, ai kai ka san motar nan fiye da littafin.” Ya ce, “Na san wadda ke gabana. Littafin ya san yadda aka haife ta.” Mutumin da bai iya karanta Turanci ba ya san darajar kundi, mu da muke da katin laburare kuma ba mu taɓa buɗe irinsa ba.

Sai batun haƙoran noti, wanda a ganina ya isa a yi masa lakca guda cur. A 1841 wani Bature ɗan Ingila, Joseph Whitworth, ya tsara haƙorin noti mai kusurwa digiri 55, Ingila ta bi shi. Amurka ta bi nata mai digiri 60. Da yaƙi ya haɗa su a fage ɗaya sai ga shi notin motar wannan ba ya ɗaure a ta wancan, abokan yaƙi amma sufana ta raba su. Wannan wahalar ce ta sa Amurka da Birtaniya da Kanada suka amince da tsari guda a ƙarshen shekarun 1940, wanda ya ba mu UNF da UNC. Sai dai sauyin bai zo dare ɗaya ba, don haka motocin sojan Ingila na shekarun 1950 da 1960 sukan zo da gauraye. Misali motar sulken nan Ferret, wadda Daimler suka ƙera sama da 4,000 tsakanin 1952 da 1971, kuma sojan Najeriya ya yi aiki da ita lokacin yaƙin basasa. Injinta na Rolls-Royce ne, B60, ɗan gidan su B40 da B80 mai cikin Saladin. Da gangan aka tsara su su yi tarayya a fistin da bawul da sauran kaya, don rumbu ɗaya ya ciyar da motoci iri-iri. Amma na farkonsu haƙoran Ingila ne da su, na baya kuma UNF.

Ga inda abin ke cizo. Noti mai inci 5/16 kaurinsa milimita 7.94 ne, wato da ido ba ka raba shi da M8 na zamani. Amma na BSF haƙora 22 ne a inci guda, na UNF 24, na UNC 18, shi kuwa M8 kusan 20. Zai shiga zagaye biyu ko uku lafiya lau, sai ya cije. A nan ne yaron gareji zai ce “ya kusa”, ya ƙara wa sufana bututu ya danna. Ramin da ya shekara sittin lafiya ya lalace cikin daƙiƙa biyar, a jikin gangar injin da ba a ƙera irinta kuma. Ma'aunin haƙori ɗan ƙaramin abu ne da ke shiga aljihu. Sau nawa aka ba mu shi muka riƙe a wokshof?

Idan ka gano lamba, saura samowa, kuma nan ma sai da hankali. Akwai kayan da aka ƙera tun zamanin, ba a taɓa amfani da su ba, suna kwance a rumbunan soja cikin takarda mai maiƙo har aka yi gwanjonsu. Idan ƙarfe ne, giya ko shaf, babu kamarsu. Idan roba ce, sil ko tiyon birki, ni ba zan saya ba ko da a kwalinsa na asali yake, domin roba tana tsufa ko ana aiki da ita ko ba a yi, kuma birki ba wurin gwaji ba ne. Akwai na hannu, irin wanda muke kira Beljiyam, wanda sai ka auna cinyewarsa. Akwai kuma sababbin kwaikwayo. A Filifin, inda jif ɗin da Amurkawa suka bari suka rikiɗe suka zama motocin haya, har yau ana buga sabon bodin jif ɗin 1940 da wani abu ana turawa Turai da Amurka. Faransa ta ƙera tata jif ɗin da lasisi, Hotchkiss M201, daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa 1966, Indiya ma Mahindra da jif ɗin Willys ta fara harkar mota. Kayan waɗannan da yawa suna shiga ta asali, wasu kuma kama ce kawai, kuma kama da wane ba ta wane. Kundi ne kaɗai zai raba maka gardama.

Kada mu manta da aljihu. Bature idan ya yi odar kaya ya zo ba daidai ba, mayarwa zai yi a aiko masa da wani cikin kwana uku. Kai kuwa da dala ka saya, ka biya kuɗin jirgi, ka biya kwastan, ka jira makonni. Kuskuren harafi ɗaya a lamba yana iya cinye kuɗin makarantar zango guda. Mu ne muka fi kowa buƙatar mu iya wannan aiki daidai tun karon farko, mu ne kuma muka fi sakaci da shi.

Wani misali da ke ƙofar gidanmu shi ne Steyr. A ƙarshen shekarun 1970 aka kafa masana'antar haɗa manyan motoci da taraktocin Steyr a Bauchi, kuma sojan Najeriya ya yi amfani da motocin wannan kamfani na Ostiriya sosai. Uwar kamfanin ta wargaje tuntuni, sashen manyan motocinta ya koma hannun MAN na Jamus. Mai tsohuwar Steyr zai ɗauka shi ke nan, maraya ya zama. Amma a shekarun 1980 Sin ta sayi lasisin fasahar manyan motocin Steyr, kuma injin WD615 da ke cikin Howo da yawa da ke jigilar siminti da yashi a titunanmu daga wannan zuriyar ya fito. Ban ce ka je ka ciro kayan Howo ka ɗaura wa Steyr ba. Cewa na yi akwai dangantaka, kuma aikin mai ilimi ne ya zauna da kundi biyu da ma'auni ya tantance wanne ya dace, wanne bai dace ba, ya rubuta ya ajiye. Wannan aikin foliteknik ne tsantsa. Idan ba mu yi ba, wa zai yi?

Na ji masu cewa harkar kayan soja harka ce mai haɗari, a halin tsaron da ake ciki ba abin wasa ba ne. Gaskiya ne, kuma ba zancen makami nake ba. Zancen inji nake da giya da birki na motocin da aka sallama tun kafin a haifi yawancinmu, waɗanda aka yi gwanjonsu bisa ƙa'ida ko suke ajiye a gidan tarihi. Babu mai hankalin da zai shafa wa motarsa fentin soja ya hau titi, ko ya shiga bariki da waya yana ɗaukar hoto ba izini. Akwai kuma masu cewa wannan nishaɗin Turawa masu kuɗi ne. A wajensu wataƙila haka ne. A wajenmu tarihi ne ke tafiya a kan sikelin 'yan gwangwan, kilo-kilo. Gidan tarihin yaƙi na ƙasa da ke Umuahia, wanda aka kafa a 1985, yana ajiye da motocin sulke na yaƙin basasa, har da waɗanda injiniyoyin Biyafara suka ƙera da abin da suka samu a hannu, ake kiransu Red Devil. Ko me mutum yake gani game da wancan yaƙi, waɗannan ƙarafa shaida ce ta abin da ɗan ƙasar nan ya iya yi lokacin da aka rufe masa hanyar odar kaya. Sun cancanci a auna su, a zana su, a rubuta abin da ke cikinsu kafin tsatsa ta gama nata aikin.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na masu cewa wannan ba zai ba kowa aiki ba. Mutum nawa ne ke da Ferret a gida? Babu. Amma ku leƙa bayan kowane babban asibiti ku ƙirga janareton da aka jingine saboda abu guda ya lalace an rasa sunansa. Ku je ma'aikatar gona ku ga taraktoci a jere, tayoyi sun nutse a ƙasa. Kai, ku leƙa wokshof ɗin kowace tsohuwar makarantar fasaha ku ga injinan sassaƙar ƙarfe da aka kawo daga Turai shekaru aru-aru, an rufe su da tamfol saboda giya ɗaya ta karye. Ciwon ɗaya ne: na'ura ta fi kamfaninta tsawon rai, takardunta sun ɓace, wanda ya san ta ya yi ritaya. Wanda ya koyi bin sawun kayan motar da aka daina ƙerawa shekara hamsin, injin asibiti ba zai ba shi tsoro ba. Kamfanonin siminti da na mai da na jiragen sama duk suna da ma'aikatan da aikinsu ke nan, tantance lamba da nemo madadi. Motar soja kawai ta fi sauƙin koyo ne, saboda kundayenta cikakku ne, kuma da yawansu, musamman na Amurka irin TM 9-803 na jif, suna nan a intanet.

Yanzu ga abin da nake nema. Duk shekara muna haɗa kuɗi mu yi furojet, kuma kowa ya san yadda ake yi: injin ɓarar gyaɗa, injin surfe, injin yanka albasa, a yi masa fenti kore, a kare shi gaban malamai, a tura shi bayan wokshof ya tarar da yayyensa na bara da na bara waccan. Ban ce ba su da amfani ba, amma na goma sha biyar ɗin bai koya wa kowa abin da na farko bai koyar ba. Me zai hana sashe ya samo tsohuwar mota guda, Land Rover ko Bedford ko Steyr, ta hanyar da ta dace, ta zama furojet na shekara biyar? Rukunin bana su ɗauki birki, su kwance, su wanke, su auna kowane ƙarfe, su zana shi a kwamfuta, su nemo lambarsa ta asali da wadda ta gaje ta, su shiga kasuwa su gano wanne ake samu a gida da wane suna, wanne za a iya sassaƙawa a wokshof, wanne ne dole sai oda. Na baɗi su ɗauki giya. A gayyato tsofaffin makanikai irin maigidana su zauna da mu, a biya su, domin abin da ke kansu babu shi a kowane kundi, kuma ba za su dawwama ba.

Ba 'yan injiniyanci kaɗai abin ya shafa ba. 'Yan sashen saye da adana kaya, wannan tsarin lamba 13 ai karatunku ne. 'Yan kwamfuta su gina rumbun bayanan da za a zuba lambobin, wanda bakanike zai iya bincikawa a wayarsa, da sunan da ake kiran kayan a kasuwa, ba sunan littafi kaɗai ba. 'Yan laburare su karɓi kundayen su adana. Ƙungiyar ɗalibai kuma, maimakon duk kuɗin makon ɗalibai ya ƙare a kan kanofi da kujeru da mai kiɗa, ta ware kaɗan ta sayi ma'aunin haƙori da baniya-kalifa guda goma ta ajiye a inda ɗalibi zai sa hannu ya ara. Ta kuma rubuta wa shugabannin sassa takarda a kan wannan shawara kafin a raba batutuwan furojet na zango mai zuwa, domin idan aka raba an wuce wurin.

Kafin nan akwai abin da kowa zai iya yi a hutun nan. Da yawanmu jikokin tsofaffin sojoji ne ko direbobi ko makanikai, kuma a akwatunan ƙarfen da ke ƙarƙashin gadajensu akwai littattafan mota da gara ke ci. A nemi izininsu a kawo a ɗauki hoton shafukan, a mayar musu da abinsu. Wanda kuma ya san inda wata tsohuwar mota take kwance a garinsu, a bayan sakatariya ko a wani kango, ya nemi mai ita ya roƙi izini, ya fara da ɗan farantin ƙarfen da ke ɗauke da lambar shasi da samfuri, ya ɗauki hotonsa, sannan lambar inji da ta giya, ya kawo ofishin ƙungiya tare da sunan garin. A goge farantin da tsumma da ɗan kananzir kawai. Kada a sa masa samfefa, lambobin ba su da zurfi.